Ranar Da Na Nemi Taubashina A Cikin Kwamfuta

Daga Sabon Birni har Isa, in dai neman mutum ne, ba a yi na biyuna ba. Ba yabon kai nake ba, abin da kowa ya sani ne. Ba sai ka gaya mini suna ba. Ka ce dogo ne, yana ɗan ɗingishi, yana sayar da igiya, ya taɓa auren wata 'yar Kamarawa. Kafin ka shanye furarka na kawo maka shi riƙe da hannu, har da wanda ya raɗa masa suna in kana so. Na taɓa gano wani mutum a tsakiyar kasuwa da tarinsa kaɗai. 'Yan babur na tasha, in fasinja ya sauka ya manta da ƙunshinsa, wurina suke zuwa. Da zamani ya kawo waya mai shafawa kuma, ni na fara riƙe ta a unguwarmu, don haka ko kwamfuta ba na shakkarta. Na sha faɗa a majalisa cewa ni da ita kallon juna kawai muke yi mu fahimci juna.

To, wannan mutumin da kuke ji, shi ne ya yi rabin yini yana neman taubashinsa, alhali taubashin na tsaye a bayansa yana hura masa numfashi a ƙeya.

Taubashin nan ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa. Tare muka tashi, kuma tun muna yawo ba wando kowannenmu ke cewa ɗayan bawansa ne, har yau ba a raba gardamar ba. Kawu a ruga ya yi aure, shi ya sa taubashina ya fito da harshe biyu da sana'a biyu: yana noman gero a gefen Tsamaye, yana kuma da 'yan shanunsa. Siriri ne, mai sanyin magana. In ka tambaye shi labari sai ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce, "Lahiya." Maganar da yake yi a mako guda, ni kafin in karya kumallo na gama da ita.

Da rani ƙungiyar manomanmu ta yi shela cewa kowa ya zo a rubuta shi a kwamfuta, don duk abin da zai zo na taimako daga yanzu, da wannan rajistar za a raba shi. Lokacin taubashina ya kora shanunsa wajen Isa neman ɗanyar ciyawa, sai ya aiko mini in tsaya masa. Na je na tsaya. Aka yi mini tambayoyi na amsa, aka ba ni 'yar takarda mai lamba, na jefa a aljihun riga. Rigar ta tafi wanki. Abin da ya dawo daga aljihun nan, ko wanda ya rubuta shi ba zai shaida shi ba. Ban gaya wa kowa ba, don a ganina mutum kamar ni ba ya buƙatar lamba.

Sai ga damina. Ruwan shuka ya sauka mai kyau, ƙasa ta sha ta yi laushi. Taubashina ya hau rumbu ya sauko da zangarniyar geron da ya ware don iri, ya tarar ɓeraye da ƙwari sun riga shi; abin da suka bar masa bai cika tafin hannu ba. Nawa irin kuwa na zuba shi a ƙasa tun binne, kafin ruwa ya sauka, ban rage ko ƙwaya ba. Maƙwabta kowa na cikin gonarsa da nasa a ƙwarya. Abin da ya rage shi ne irin da ƙungiya ta kawo Sabon Birni, gero mai saurin nuna, wanda za a raba a rana ɗaya tak. Wanda ya taɓa noma ya san yadda abin yake: laimar nan kwana biyu ce, uku in Allah ya so. In ta wuce ba ka shuka ba, sai ka zauna jiran wani ruwan da ba wanda ya san ranarsa, kana kallon geron mutane yana tsiro.

Da hantsi ya iso ƙofar gidana.

"Ɗan gwaggo, ina takardata?"

"Takarda ta mi? Kai da kake tare da ni? Hau babur, bawana."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya hau.

A bakin siton ƙungiya muka tarar da layi ya zagaye rumfa. Malamar gona ce ke rabon, mace mai tabarau wadda ba ta kawo dariyarta wurin aiki. Gabanta tebur da kwamfuta, gefenta wani dattijo na ƙungiya yana awo da tiya, tiya uku kowane mutum. Kowa ya miƙa takardarsa, ta buga lamba, suna ya fito, a auna masa ya wuce. Buhu bakwai ne jingine da bango lokacin da muka iso. Na ƙirga su ne don na ga leɓen taubashina na motsi, na san ƙirgawa yake.

Da muka kai gabanta na yi gaisuwa mai tsawo, na tambayi gida, na tambayi hanya, na yaba ruwan jiya. Ta ce, "Takarda, Malam."

Na ce takarda ta gamu da tsautsayi.

"To ku koma gefe. In na gama da masu takarda sai in neme shi a ciki."

Na dubi layi, na dubi buhuna. Ko makaho ya san layin ya fi buhunan tsawo. Nan bakina ya yi abin da ya saba. Na ce, "Malama, ai wannan ba sai an wahal da ke ba. Ni da kwamfuta tsofaffin abokai ne. Ki ba ni ita minti biyu."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ina jin wahala ce ta ishe ta, don abokin aikinta bai zo ba, ita kaɗai ke fama. Ta ce shafin a intanet yake, za ta iya buɗe shi a wayarta ta ci gaba da masu lamba. Ta juyo mini da kwamfutar.

"Bismilla. Ga wurin rubuta suna a sama. Ga 'yan akwatuna a hagu, layi-layi: ƙaramar hukuma, mazaɓa, sana'a, abin da yake shukawa, shekaru, dabbobi. Ka danna waɗanda suka dace da shi. Sunaye za su fito a dama, lambar nan ta sama tana gaya maka mutum nawa suka rage."

Da Hausa aka rubuta kome, don haka ba ni da uzuri. Na gyara hula na zauna, na naɗe hannun riga. Taubashina ya tsaya a bayana.

Na fara da suna, da yatsa guda, ina farautar haruffa. Sunansa irin wanda in ka kira shi a kasuwa mutum goma za su waiwayo ne. Mutum biyar suka fito. Na bi su ɗaya-ɗaya, ba wanda ke da sunan kawu a matsayin uba.

"Ina nike?" in ji taubashina.

"Yi haƙuri. Ba ta san ka ba tukuna. Bari in yi mata kwatance."

Na goge sunan, don ni dai a sana'ata suna ba shi ne abin dogaro ba. Lambar sama ta koma mai yawa, jama'ar ƙananan hukumomi biyu, Sabon Birni da Isa, duk suna ciki. Na danna Sabon Birni, lamba ta ragu. Na danna Tsamaye, ta ƙara raguwa ƙwarai. Na ji daɗi har na waiwaya in ga ko mutanen layi na kallo. Suna kallo. Na danna noma, ta sake raguwa kaɗan. Na ce, "Ka gani? Muna matso ka. Saura ƙiris in kamo ka ta kunne."

"Ina kiwo kuma," in ji shi.

Gaskiya ne. Na danna kiwo kusa da noma. Sai lamba ta ƙaru.

Na tsaya. Na ƙara mata bayani, ta ƙaro mini mutane. Na cire kiwo, suka tafi. Na mayar, suka dawo. Daga ina suke zuwa? Ina suke tafiya in na cire? Na ce a raina wataƙila makiyaya ne, ba su zama wuri ɗaya. Na bar su, na sauka layin shuka na danna gero. Lamba ta ragu, hankalina ya dawo. Na tuna yana ɗan sa dawa a gefen kwari, na danna dawa. Ta ƙaru.

"Mi kaka yi, ɗan gwaggo?"

"Aiki nike. Kada ka dame ni."

"Buhu shidda sunka rage."

Na tuna lokacin rajista yana wajen Isa, ga shi matarsa 'yar Kamarawa ce, wataƙila can aka jefa shi. Na koma sama na danna Isa kusa da Sabon Birni, na zuba ido. Lamba ba ta ragu ba, ba ta ƙaru ba. Ko gezau. Ƙaramar hukuma guda sukutum na zuba mata, ba ta ko yi tari ba. Na cire, na mayar, na cire, na mayar. Shiru. Sai da na danna Kamarawa a layin ƙasa, sannan mutane suka kwararo kamar an buɗe ƙofar masallaci ranar Juma'a.

Yanzu ina da abu mai hali uku. In na danna wani wuri ya rage, in na danna wani ya ƙara, in na danna wani ya yi kamar bai ji ba. Ko jakin da na taɓa saya a hannun wani Ba'adare hali biyu gare shi.

Na ce bari in bi ta shekaru, nan ba gardama. Ashe akwai. Na ce ya haura hamsin, ya ce ni na haura, shi tukuna. Na ce ai ranar sunansa ni na ci hanta. Ya ce ranar nan ko haƙori ba ni da shi. Wani mutum a layi ya ce mu danna duka biyu, na danna, lamba ta yi abin da ta ga dama. A layin dabbobi ban ko tambaye shi ba, don na san ba zai faɗa ba; mai shanu ba ya faɗin yawansu a gaban jama'a, ko alƙali ne ya tambaye shi sai ya fara labarin ruwa. Na san abin da na sani, na danna a ɓoye ina tare fuskar kwamfutar da kafaɗa. Sannan na koma sama na sake rubuta sunan, don in haɗa mata kome da kome, ta rasa hanyar gudu.

Dama ta yi fari fat. Aka rubuta a tsakiya: babu wanda ya dace.

Wani tsoho mai sanda da ke kusa, makiyayi da ganinsa, ya leƙo ya ce, "Mi tac ce?"

Wani ya karanta masa. Tsohon ya dubi taubashina da tausayi ya ce, "Allah shi jiƙan ka, malam. Kana tsaye an rasa ka."

Layi ya kwashe da dariya. Taubashina bai yi ba. Ya sunkuyo ya ce a kunnena, "Saura buhu biyar."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wannan. Duk rayuwata, in ina neman mutum, yawan kwatance shi ne ƙarfina. In na ba da kamanni goma, biyu suka kuskure, mutane ke gyara mini: ai ba ɗingishi yake ba, ƙaya ya taka; ai ba igiya yake sayarwa ba yanzu, ya koma tabarma; amma mun gane shi, ga shi can gindin itacen bedi. Wannan abin kuwa, na ba shi gaskiya zalla har kashi bakwai, ya ce bai taɓa jin labarin mutumin ba.

Na fara neman wanda za ni ɗora wa laifi. Na ce zafi ne, na cire hulata na yi wa kwamfutar fifita. Na ce hasken rana ne, na sa aka matsar da tebur. Na ce wataƙila sabis ɗin Nijar ta kamo, tana neman taubashina a cikin mutanen Maraɗi. Wani ya ce in kashe ta in kunna. Wani ya ce ɗan'uwansa ma haka aka yi masa a wani wuri, sai da aka kai hoto. Wata dattijuwa ta ce a rubuta sunan da jan baƙi ko ya fi fitowa. Kowa ya zama gwani, ni da na zo da gwanintar ina zaune baki buɗe.

Sai wata dabara ta zo mini, wadda har yau nake ganin da a wurin mutane ne da ta ci. Na ce tunda in na danna biyu a layi ɗaya mutane ƙaruwa suke, bari in danna duka. Na bi akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya, ban bar ko guda ba. Na mai da taubashina ɗan Isa kuma ɗan Sabon Birni, ɗan kowace mazaɓa, manomi, makiyayi, masunci, mai shekara ashirin kuma mai tamanin, mai shuka duk abin da ƙasa ke fitarwa. Na rubuta suna. Mutum biyar ɗin nan na farko suka dawo, suka jeru suna kallona. Na rantse har na fara jin haushinsu, musamman na ukun.

Aka kira azahar. Muka yi salla a gefen sito, kuma Allah ya yafe mini, a raka'a ta biyu akwatuna nake gani. Da muka sallame, buhu biyu ne jingine da bango, ɗayan ma an buɗe bakinsa.

Taubashina bai zage ni ba. Da ya zaga da na ji sauƙi. Ya tsaya kawai yana duban sama, inda rana ta buɗe tana shan laimar jiya, yana murza bakin ɗan buhun da ya zo da shi ba kome a ciki. A nan na haɗiye girman kai, ya wuce da ƙyar, na je na tsaya gaban malama.

"Malama, abokiyar tawa yau ba ta cikin hayyacinta."

Ta miƙa wa dattijon awo wayarta ta taso. Ta dubi abin da na yi wa shafin, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Malam, ka taɓa ganin ana tankaɗe?"

"Ni da anka haifa bakin turmi?"

"To kowane layi rariya ce, an ɗora su bisa juna. Wanda ya wuce ta sama sai ya faɗa ta ƙasa. In ka ƙara rariya, abin da ke fita raguwa yake. In kuma ka danna biyu a layi ɗaya, ba rariya ka ƙara ba, idon guda ka faɗaɗa."

Na ce na gane. Tun a rariya ta biyu na ɓata. Na ce, "To Isa da na danna ba ta motsa ba fa?"

"Ka buɗe wa mutanen Isa ta sama, ka bar ta ƙasa a kan Tsamaye kaɗai. Ta ina za su bi?"

Sai na ga mutanen Isa a zuciyata, da rawunansu da kekunansu, sun maƙale tsakanin rariya biyu ba gaba ba baya, duk a dalilina.

Ta danna wuri ɗaya, duk aikina na rabin yini ya goge. Ta tambayi sunan, ta rubuta, biyar ɗin nan suka sake fitowa. Sannan ta kai yatsa can sama, kan wani ɗan akwati da ban ko lura da shi ba, wanda ke danne tun kafin in zauna.

"Wannan ni na sa shi da safe," in ji ta. "Ƙananan manoma kawai, eka biyar ko ƙasa. Irin yau nasu ne. Bari in cire mu gani."

Ta cire. Biyar suka zama goma sha wani abu. Ta bi da yatsa, ta tsaya a kan ɗaya, ta faɗi sunan kawu. Taubashina ya matso, ni ma na gyara tsayuwa ina shirin karɓar yabo. Ta buɗe, ta fara karantawa da ƙarfi.

"Gona, eka sittin. Abin da yake shukawa, gero, dawa, shinkafa, alkama, albasa. Shekaru, talatin da biyar. Shanu, sama da ɗari. Raƙuma, akwai."

Taubashina ya girgiza kai ya ce, "Wanga ba ni na ba. Amma in kun gane shi, ku gaya mai ina neman aiki."

"Suna ɗaya, uba ɗaya, Tsamaye," in ji malama. "Akwai lambar waya. Bari mu ji ko wane ne."

Ta karɓi wayarta ta buga. Ni kuwa tun a kan albasa wani abu ya fara motsi a bayan ƙwaƙwalwata, don na ji salon maganar kamar na san mai ita. Kafin in gama tunani aljihuna ya ɗauki kuka. Wayar nan tawa na sa mata ƙara irin mai tada unguwa. Na dafe aljihu, ta ci gaba da ihu ta tsakanin yatsuna. Duk layi ya juyo.

Sai kome ya dawo mini tas. Ranar rajista, mutumin da ke gabana ya ce eka goma gare shi, ya faɗa yana gyara babbar riga yana duban mutane. Da aka zo kaina, ni ne bakin taubashina, shi ba ya nan. In ɗan'uwanka ba ya nan ai ba ka tsiraita shi a gaban jama'a. Na kuma yi tunani irin na mai hankali: wanda ke da babbar gona shi za a ba iri mai yawa. Na ce sittin. Da na ga mai rubutun bai ko ɗaga kai ba, bai ce kai malam rage mana ba, sai abin ya yi mini daɗi, na ci gaba. Shekaru na rage masa su ne ko za a zo da abin matasa. Lambar waya kuma tawa na bayar. Raƙuman kuwa, wallahi ban san dalili ba. Akwatin na gani ba kowa a ciki.

"Shanu ɗari?" in ji taubashina. Muryarsa ta canza. "A wanga zamani da mutum ka ɓoye akuya cikin ɗaki? Wa ka ganin abin ga? Wa yag gani?"

Malama ta ce ma'aikatan ƙungiya kaɗai ke iya buɗewa. Bai ji ta ba. Ranar na ga taubashina ya yi maganar wata guda a tsaye ɗaya. Hausa ta ƙare masa ya koma Fillanci. Ban ji abin da ya ce ba, amma tsohon nan mai sanda ya rufe baki da hannu yana cewa, "Subhanallahi, ɗan'uwanka na hwa."

"Ana iya gyarawa," in ji malama. "Amma sai da shaidu biyu da suka san gonarsa." Na ɗaga hannu. Ta ce, "Ban da kai."

Aka samu wani dattijon Tsamaye a layi, tsoho mai sanda ya ce shi ma ya san shi, sun sha haɗuwa a mashaya. Ta tambayi girman gona. Taubashina bai san eka ba, dami ya sani; ya faɗi abin da yake ɗaurewa in damina ta yi kyau. Dattijon Tsamaye ya rufe ido ya auna, ya ce ba za ta wuce eka uku ba.

"Uku da rabi," na ce, "in an haɗa da gefen kwari."

Rumfa gaba ɗaya, har dattijuwar nan, suka ce, "Yi shiru!"

Ta cire shinkafa, ta cire alkama, ta cire albasa. Ta mayar masa da shekarunsa, har da 'yan kai. Ta kori raƙuma. Ina tsaye ina kallon dukiyar da na tara masa tana watsewa, kuma ba za ni ɓoye ba, na ji zafin alkamar. Da aka zo kan shanu ya dubi jama'a. Malama ta gane. Ta juya masa kwamfutar, ta tare ta da gefen mayafinta, ya sunkuya ya nuna akwati da yatsa, ta danna. Ba wanda ya gani, ba wanda ya tambaya.

Ta danna ajiyewa. Wani ɗan zobe ya fito a tsakiya yana juyawa. Ya yi ta juyawa. Wannan karon da gaske sabis ne ya gudu, wayarta da ke ba kwamfutar intanet ta kamo na tsallaken iyaka. Masu takarda kuwa ba a tsare su ba, ta ce a karɓi takardunsu a auna musu, ta shigar daga baya. Buhun ƙarshe ne a buɗe, dattijon awo har ya naɗe bakinsa ƙasa. Mutum huɗu suka rage a layi. Tiya uku, tiya uku. Malama ta ɗaga waya sama tana zagaya rumfa. Na ce ta ba ni in hau kan sito da ita, ta yi kamar ba ta ji ba. Saura mutum biyu. Zobe na juyawa, idon taubashina na kan hannun mai awo. Saura ɗaya.

Zoben ya tsaya. Ta mayar da ɗan akwatin nan na sama, ta rubuta suna. Mutum shida suka fito. Na shidan shi ne, siriri da shi ko a rubuce.

Dattijon awo ya kife buhu ya kakkaɓe. Tiya biyu ta fita, da ɗan abin da ya fi rabin kwano, haɗe da ƙasa-ƙasar gindin buhu. Taubashina ya tara nasa ya karɓa, ya ɗaure bakin da igiya har zagaye uku. Washegari da sassafe ya shuka. Irin bai kai ƙarshen gonar ba, sauran wurin sai wake ya sa daga baya.

Har yau in na zauna ni kaɗai nakan ɗauko maganar rariyar nan in juya ta. Wani lokaci sai in ji na kama ta, sai in tuna kiwo da ya ƙaro mutane da Isa da ba ta motsa ba, ta sake kuɓuce mini. Na tambayi matata ko ta taɓa ɗora rariya bakwai bisa juna, ta ce in fita mata daga madafa.

A ranar dai, muka hau babur muka kama hanyar Tsamaye, shi a baya, ya rungume irinsa a cinya. Ni kuwa shiru ba ya zama a bakina. Da muka wuce gonakin farko na ɗan juyo na ce, "Bawana, ko mi za a ce, a ƙarshe dai wayata ta gano ka."

Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Na zaci iska ta ɗauke maganar. Sai na ji shi a bayan kunnena, a hankali kamar kullum.

"Ɗan gwaggo, tun muna yara kake zuba, ba a taɓa samun wanda yay yarda da kai ba sai kwamfutar ga. Don Allah kada ka sake yi mata magana."